Sandar Marigayi Arnold Theaker da 'Yan'uwanta Biyar

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Maris, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, Baba Wilf Cammish ya miƙe tsaye a ɗakin taron kulob ɗin masunta na garinmu, Marsby, ya shaida wa kwamiti cewa a faɗin Yorkshire babu mai sassaƙa sandar sunuka, wasan nan na zungurar ƙwallaye a kan tebur, kamarsa. Na tabbata da ranar da kuma lokacin, domin ni ne magatakardan kulob ɗin, kuma na rubuta su a littafi. An ba ni wannan muƙami ne saboda rubutuna yana karantuwa, ba don zurfin karatu ba. Sana'ata ita ce raba wasiƙu.

Abin da ya tara mu a ranar shi ne zuwan wata baƙuwa mai suna Imogen, wadda take nemo wa wasu 'yan fim kayan aiki. Sun zaɓi zauren sunukarmu domin ɗaukar wani yanki na fim ɗinsu, inda jarumi zai sha kaye a wasa, ya fusata, ya karya sandarsa a gwiwa. Shigowarta ke da wuya sai idonta ya sauka a kan sandar da ke rataye a saman kantar sayar da giya, ta ce ita take so.

Wannan sanda ta marigayi Arnold Theaker ce. Da ita ya ciyo wa garinmu kofin gunduma shekara arba'in da suka wuce, kuma tun daga lokacin ba mu ƙara jin ƙamshin kofin ba. Ba a sauko da ita sai sau ɗaya a shekara, ranar buɗe wasannin kaka. A ranar ne matarsa, Gwaggo Doreen, wadda take kula da kantar, take goge ta da hannunta, ta miƙa wa mafi tsufa a cikinmu ya yi bugun farko. Bayan wannan, ko ƙura ba ta yarda wani ya kaɗe mata ba.

Imogen ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce ba za a karya ta ainihin ba. Za a nuna ta ne kurum a kusa da kyamara, sannan a musanya ta da kwafi. A al'adar aikinsu, da wani itace marar nauyi mai kama da totuwa ake yin kwafin, a yi masa tsaga da zarto a tsakiya, yadda ko jinjiri zai iya karya shi. Guda biyar ake bukata, saboda akan maimaita ɗauka. Ta ce za ta aika London a yi su.

A nan ne Baba Wilf ya miƙe. Shi dai aikin da ya yi har ya yi ritaya shi ne zana farin layi a tsakiyar titi. Abin da muka sani na kafintancinsa guda biyu ne: akurkin zomaye da ya yi wa jikarsa, wanda sai da aka fasa rufinsa kafin a fito da zomayen, da kuma kantar littattafai da ya kafa a coci, wadda ta sauko ana tsakiyar ɗaurin aure.

"London?" in ji shi. "'Yata, mutanen London ba su san itace ba sai a jikin fensir. Shekarata arba'in ina wannan sana'a."

Len Storr, mai ɗakin bandar kifi na bakin tashar jiragen ruwa, wanda suka yi makaranta tare, ya tambaye shi wace sana'ar yake nufi, fentin titi ko cika baki. Baba Wilf ya ce mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana busa wa mataccen kifi hayaƙi bai kamata ya sa baki a maganar fasaha ba. Ya ƙara da cewa a ba shi mako uku, zai kawo sanduna biyar waɗanda ko Arnold ɗin ne ya dawo ba zai gane tasa a cikinsu ba. Imogen, da yake kamfaninsu ƙarami ne kuma London da nisa, ta amince.

Saura Gwaggo Doreen. Ta daɗe tana goge kofi ɗaya. Sai da Imogen ta yi alkawarin za a rubuta sunan Arnold a ƙarshen fim sannan ta hau kujera ta sauko da sandar.

"Wilf, na san ka tun kana da gashi a ka," ta ce. "Idan sandar nan ta dawo da ko ƙwarzane ɗaya, kujerar nan taka ta kusa da murhu ka yi mata sallama, da ita da ƙofar kulob ɗin."

Ya ɗaga hannu ya yi rantsuwa. Ta juyo gare ni ta ce, "Ɗan nan, rubuta." Na rubuta.

Kafin ya sayi ko ƙusa ɗaya, ya kafa allo a ƙofar rumfar da ke bayan gidansa, mai ɗauke da cewa: Cammish da 'Ya'yansa Maza, Masu Sassaƙa wa 'Yan Fim Sanduna. 'Yarsa ɗaya ce tak, likitar haƙori ce a Leeds. Ya kuma buga takardun shaida guda ɗari, kowacce tana tabbatar da cewa mai riƙe da ita ya mallaki ainihin kwafin sandar da ta fito a fim. Ya ce da zarar fim ya fito, masu tara irin waɗannan kaya za su yi layi tun daga Amurka har Japan, kuma ya gargaɗe ni in nemi babbar jaka, domin wasiƙunsa kaɗai za su karya mini kafaɗa.

Itacen nan marar nauyi kuwa, da Imogen ta aiko masa da shi, ya matsa shi da babban yatsa, ya ga ya lotsa, sai ya ba matarsa Inna Beryl ta tokare tumatir da shi. Ya ce sunan Cammish ba zai hau kan totuwa ba. Ya je kantin kayan lambu ya sayo ƙotar manjagara guda biyar, masu tauri kamar ƙashin sa, ya yi kwana shida yana fere su. Ya ɗura musu darmar kamun kifi a gindi, yana aunawa da sikelin girkin Inna Beryl, har nauyinsu ya zo daidai da na sandar Arnold. Ya kuma yi musu tsagar nan da zarto kamar yadda aka umarce shi, wannan kam ba zan zalunce shi ba. Sai dai da ya ja da baya ya dubi tsagar, ransa ya ɓaci. Ya ce wa Inna Beryl duk duniya za ta kalli fim ɗin nan, kuma za a ce Wilf Cammish ya bar ɓaraka a aikinsa. Ya ɗauko gam ɗin da masunta suke like jiragen ruwa da shi, ya cike kowace tsaga, ya goge har ta ɓace. Inna Beryl ta tuna masa cewa don su karye ake yin su. Ya ce za su karye, amma cikin mutunci.

Ranar Juma'a ta biyu da azahar ya kawo su kulob, ya haɗa da ta Arnold ya jera duka shidan a kan teburin sunuka, ya ce duk mai ido ya nuna ta Arnold. Wata yarinya 'yar shekara shida da ta biyo kakanta ce ta nuna ta, domin ita kaɗai ce mai launin zuma, sauran biyar farare fat kamar kyandir.

Len bai tsaya a nan ba. Duk wanda ya taɓa riƙe sanda ya san gwajin da ake yi mata: a kwantar da ita a kan tebur a mirgina. Miƙaƙƙiya takan tafi shiru ba gargada, mai lanƙwasa kuwa sai ta riƙa ɗaga kai tana saukewa. A ido sandunan Baba Wilf ba su da laifi sosai, amma da Len ya mirgina su ɗaya bayan ɗaya, sai ka ce agwagi ne suka nufi rafi. Ta Arnold ta tafi har ƙarshen tebur kamar an ja zare.

Baba Wilf ya ce teburin ne ya karkace. Len ya ce to teburin yana da ladabi, tun da ya miƙe wa marigayi. Baba Wilf ya ce fim za a yi ba gasa ba, kuma bai taɓa ganin kyamarar da ke mirgina sanda ba. Launi kuwa, a cewarsa, aikin yini ɗaya ne.

Ya jiƙa su a shayi cikin bahon wankan gidansa. Bahon ya rine, sandunan suna nan yadda suke. Ya shafa musu man takalmi, duk wanda ya taɓa su sai ya tashi da baƙin hannu. Daga ƙarshe ya haɗiye girman kai ya je wurin Len, ya ce ya yi nazari ya gano cewa hayaƙin tabar shekara arba'in ne ya ba sandar Arnold launinta, saboda haka hayaƙi ne maganin abin. Len, da yake yana son ganin ƙarshen wasan, ya buɗe masa ɗakin banda. Sandunan suka kwana biyu a rataye a tsakiyar kifi.

Gaskiya launi ya zo. Amma bai zo shi kaɗai ba. Da Baba Wilf ya ɗauko su ya nufi gida, kyanwoyi bakwai ne suka rako shi, tsuntsayen teku kuma suna shawagi a kansa suna kuka. Direban bas ya ƙi ɗaukarsa. Inna Beryl ta ce ko su ko ita a gidan. A kulob kuwa, Len ya sa aka ɗaure masa ido da tawul, ya bi sandunan da hanci, ya zare ta Arnold a karo ɗaya, ya ce ita kaɗai ce ba ta sa shi jin yunwa ba.

Wani mutum zai nemi hanyar cire wari daga biyar. Baba Wilf ya ga ya fi sauƙi a sa wa ɗaya. Ranar da Len ya tafi kasuwar kifi ta Scarborough, ya lallaɓa ya rataye duka shidan a ɗakin banda, da niyyar awa biyu. A hanyar komawa ya haɗu da wasu baƙi masu yawon buɗe ido, ya tsaya yi musu bayanin dangantakarsa da masu shirya fim, bai tuna da sanduna ba sai washegari da hantsi. Suka fito su shida launinsu ɗaya, warinsu ɗaya, nauyinsu ɗaya.

Da na kai masa takardar kuɗin wuta a ranar, ya ja ni rumfa ya nuna mini su yana ta murmushi. Na tambaye shi cikin ladabi yadda shi kansa zai gane ta Arnold. Ya dafa kafaɗata ya ce wannan asirin mai sana'a ne, amma tun da ni yaron kirki ne zai faɗa mini: zai mirgina su a teburin kulob da safe kafin a fara. Na ce me zai hana ya yi a gida tun yanzu. Ashe ya gwada. Daɓen gidan da teburin cin abinci duka shi ya yi su, don haka babu abin da yake tafiya a miƙe a gidan, har da ƙwai.

Ranar Alhamis, shida ga Afrilu, da ƙarfe tara na safe, 'yan fim suka cika zauren. Mu 'yan kulob talatin aka zaunar da mu a matsayin 'yan kallo, aka ba kowa kofin giya da shayi mai sanyi a ciki. Wani ƙato mai rediyo a kafaɗa ya gargaɗe mu: idan aka ce shiru, duk wanda ya yi tari, ko ya motsa, ko ya dubi kyamara, waje zai yi.

Baba Wilf ya iso a makare, da kwat ɗin da ya sa ranar auren 'yarsa, kyanwa biyu a bayansa. Ya nufi tebur da sandunansa, ƙaton ya tare shi. Tun da asuba aka jera ƙwallaye, aka ɗauki hoton kowacce, aka yi mata alama da alli, domin duk ɗaukar da za a maimaita ta tarar da su inda suke. Babu mai taɓa teburin nan, in ji ƙaton, ko da kakansa ne ya sassaƙa shi. Ƙasa kuwa wayoyi ne birjik.

Imogen ta matso, ta toshe hanci, ta ce a gaban kowa, "Baba, wacce ce ta ainihin? Da ita za mu fara."

Ya dubi sandunan shida. Da ya ce bai sani ba, da an ɗage masa ƙwallaye na minti biyar an wuce wurin. Amma Len yana kallonsa, Gwaggo Doreen ma tana bayan kantar giya tana tambayar ina wannan wari yake fitowa.

"Idona ma'auni ne, 'yata," in ji shi.

Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, yana kanne ido, yana shafa su. Ya zaɓi wadda ta fi burge shi, ya ce dubi wannan kyau, irin aikin mutanen da ke nan. Aka haska ta, aka ɗauke ta a kusa, darakta ya yaba launinta. Aka mayar masa da ita, ya rungume ta a ƙirji, ya zauna a kujerarsa ta kusa da murhu. Sauran biyar aka jingine su a jikin kantar giya.

Jarumin fim ɗin wani dogon saurayi ne mai fararen haƙora, wanda mutum biyu suke gyara wa gashi. Aka ce shiru. Ya zubar da ƙwallo, ya haɗe fuska, ya ɗaga sanda ya maka a gwiwarsa da dukkan ƙarfinsa, domin an tabbatar masa totuwa ce. Ƙarar da muka ji ba ta itace ba ce. Ya zauna a ƙasa a hankali, ya faɗi wasu kalmomi da ba zan rubuta ba.

Baba Wilf ya ce daga inda yake, samarin yanzu ba sa cin abinci.

Aka ɗaura wa jarumi soso a ƙarƙashin wando, aka ba shi ta biyu. Ta yi tsalle daga gwiwarsa ta doke shi a haɓa. Darakta ya canza shawara, ya ce a maka ta uku a jikin ginshiƙi. Ginshiƙin ya zubar da siminti, hoton Sarauniya da ke jikinsa tun kafin a haife ni ya faɗo, sanda ko gezau. Ta huɗu ƙaton nan ne ya karɓa don ya gwada. Ya ɗora ta a tsakanin kujeru biyu ya hau kanta da ƙafa biyu, ta ɗan lanƙwashe ta cilla shi cikin fitilu.

Imogen ta tsaya a gaban Baba Wilf ta tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa, ko ya yi musu tsaga. Ya ce ya yi. Ta ce ina take. Ya ce ai gwanintar ke nan. Len ya ce a kai sandunan tashar jiragen ruwa, akwai gadar da take neman gyara.

A lokacin gwiwar jarumi ta kumbura kamar kabewa, sai Gwaggo Doreen ta shiga kicin ta ɗauko masa ledar daskararren wake daga firji, don ya ɗora a kan kumburin. Darakta ya ce sau ɗaya ya rage, in ta ƙi a tashi. Wani ya ɗauko sanda ta biyar ya kwantar da ita a kan kantar giya kafin a gama gyara wa jarumi gashi. Kantar nan Arnold ne ya sa aka yi ta, doguwa ce, a shafe take. Hannun wani ya taɓa sandar, ta mirgina. Ta tafi shiru, ba ta ɗaga kai ko sau ɗaya ba, har ta tsaya a jikin famfon giya.

Mu talatin muka gani, kuma mu talatin ɗin mun san abin da muka gani. Amma kafin wani ya ajiye kofinsa, an miƙa wa jarumi sandar, ƙaton ya daka tsawa ya ce shiru. Ni dai abin da na iya shi ne na ɗaga hannu kamar ɗan aji. Ƙaton ya harare ni, na sauke. Wannan yana damuna har yau. Len ya buɗe baki, amma jarumi ya riga shi.

Ta karye gida biyu da ƙara mai daɗi, 'yar ƙura ta tashi a cikin hasken fitila. Darakta ya rungume mai kyamara. 'Yan fim suka yi ta tafi, mu kuwa babu wanda ya motsa.

Baba Wilf ya miƙe, sanda a ƙirjinsa, ya rusuna wa jama'a.

"To, kun gani," ya ce. "Aikin Cammish ke nan. Sauran huɗun ma da an samu namiji da tuni sun karye. Len, ina bakin naka?"

"Yana nan, mutumina," in ji Len. "Ajiye shi na yi, yanzu za a bukace shi."

Gwaggo Doreen ta fito da ledar wake a hannu. Ta dubi fuskokinmu, ta dubi guntaye biyun da ke ƙasa. Ta miƙa wa jarumi waken, ta tako har gaban murhu, ta miƙa hannu. Baba Wilf ya ba ta sandar da ya yini yana runguma, yana cewa ga amanarta nan, ko ƙwarzane babu, warin kuma zai fita kafin kaka. Ta karɓa. Ta nufi tebur, ƙaton ya matsa mata da kansa. Ta share ƙwallayen gefe da hannu ɗaya, ta kwantar da sandar, ta tura ta.

Sandar ta ɗaga kai, ta sauke, ta ɗaga, ta sauke, ta karkata hagu, ta tsaya a tsakiyar tebur tana rawa.

"Wannan tafiyarka ce, Wilf, ta daren Asabar," ta ce. "Arnold bai taɓa tangaɗi ba."

Baba Wilf ya fara cewa fitilun 'yan fim sun ɗumama teburin. Ba ta saurare shi ba. Ta durƙusa ta tsince guntayen biyu, ta goge su da gefen rigarta, sannan ta ce, "Ɗan nan, ɗauko littafinka ka karanta masa."

Na ɗauko na karanta, da rana da lokaci.

Kwamiti ya zauna a ranar da ƙarfe biyu, zaman bai kai minti huɗu ba. An cire sunan Wilf Cammish daga kulob, an ba Len kujerar kusa da murhu. Guntayen sandar Arnold suna rataye a saman kantar, an ɗaure su da zare, kuma da sandar aro aka yi bugun farko a kakar bana. Da fim ɗin ya fito, an yanke wannan yankin gaba ɗaya, da shi da sunan Arnold. Takardun shaida ɗari Inna Beryl ta shimfiɗa su a akurkin zomaye. Sanduna biyar na Baba Wilf suna ɗakin bandar Len ana rataye kifi a kansu, kuma har yau babu wadda ta karye.